Kujerar Tsuruta-san

Litinin, 6 ga Oktoba
Motar ta tashi! Wata biyar ɗalibaina na kanta a garejin kwaleji. Na tara su na sake nuna musu: inji a bayan kujeru, gaban tayoyin baya, lagireto can a hanci, nauyi ya taru a tsakiya. Silinda shida, kujera biyu, rufinta ko ƙirjina bai kai ba. Shekara arba'in da ƙerawa, ba noti ɗaya da ba nata ba. Ɗalibina Daigo ya ce, "Sensei," wato malam, "ka faɗa mana jiya." Na faɗa, to sai me?

Alhamis, 9 ga Oktoba
Tsuruta-san ta zo, matar marigayin mai motar. Ta kawo mana dankali gasasshe. Wata mai zuwa za ta koma gidan kula da tsofaffi a Mito, motar kuma ta bar wa kwaleji. Abu ɗaya ta roƙa: a zagaya da ita sau ɗaya. "Mu biyar a gida, ya sayo mai kujera biyu," in ji ta. "Kullum wani yaron ne a ciki, ni ina riƙe da sauran."
Ta kasa shiga. Kujerar kusan a ƙasa take, dokin ƙofar kuma faɗi gare shi. Gwiwarta ta ƙi. Ta yi dariya ta ba mu haƙuri. Ita ke ba mu haƙuri!

Talata, 14 ga Oktoba
Mizuho, shugabar ɗaliban, ta kawo zane: a cire kujerar, a ɗora wata mai tsayi da ke juyowa waje. Sai an huda ƙasan motar wuri huɗu. Na ce a'a. Na yi ta bayani a kan masu ƙira da yadda suka auna komai. Ta ce, "Sun auna Kaka?" Daigo ya tuntsure da dariya. Na ce ya tafi ya wanke hannu.

Laraba, 15 ga Oktoba
Ƙarfen da aka huda ba ya komawa yadda yake. Gaskiyata ce ai.

Juma'a, 24 ga Oktoba
Na kwanta ƙarƙashin motar na yi alama da alli inda bututun ruwa ba su bi ba. Don kar su yi ɓarna kawai. Injin huda na miƙa wa Mizuho, na fita shan shayi. Har waje ina jin ƙarar.

Lahadi, 2 ga Nuwamba
Tsuruta-san ta shiga. Kanta ya kusa taɓa rufi. Na ja a hankali muka zagaya filin kwaleji, inji na ruri a ƙeyarmu. Ta ɗaga murya: "Sensei, haka maigidana yake ji duk shekarun nan? Ashe shi ya sa ya kurmance!" Ta dafa gilashin da ke bayanta. Ta ce akwai ɗumi. Ta ce in ƙara zagaye.
Tsohuwar kujerar na sito. Mizuho ta tambaya yaushe za a mayar. Na ce ba sauri.
Darasin gobe daga ƙofar motar zan fara.