Bargon Ulu Ba Ya Ɗumama Mesa

Creswick, farkon watan Yuni

Zuwa ga uwargida ran gida, Noreen,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin isa Darwin lafiya, kuma 'yarmu Bronwyn tana samun ƙarfin jiki. Yaya jaririya? Kin ce hancina ta ɗauko. Allah sarki, ki ba ta haƙuri. Na ɗauki takarda ne don kin san ni da waya, rabin magana nake ji, sauran in cike da zato.

Nan hunturu ya kankama kamar kowane Yuni, sanyi ba a magana, ruwan kwanon kare ma daskarewa yake yi. To, ga labari, kada ki firgita. Shimfiɗar lantarkin nan da ke ƙarƙashin akwatin mesarki Maud ta daina aiki. Na taɓa gilashin na ji shi kamar ƙofar firji.

Amma kin auri makiyayi. 'Yan tumaki nawa na ceto daga sanyi a rayuwata? Na kwaso bargunan ulu na ɗakin baƙi na naɗe akwatin tsaf, na ɗora tsohuwar rigar sanyina a sama. Ko sarauniya sai haka.

Ban manta abin da kika faɗa a bakin mota ba, cewa idan na kasa, in kira yaron nan Lachlan na Geelong mai kiwon macizai ya ɗauke ta har abada, tunda yanzu zirga-zirgar jika ta same ki. Kina dariya kika faɗa, amma na ga idonki. Tun ina saurayi ba abin da ke haɗa ni da maciji sai shebur, wannan gaskiya ne. Duk da haka ba zan bari ki dawo ki tarar da kusurwar falo wayam ba.

Ki gaishe da mai jego da surukinmu.

Naki har kullum,
Desmond

Creswick, tsakiyar Yuni

Masoyiyata Noreen,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gidan. Ina fatan zafin Darwin bai narkar min da ke ba. Ni lafiya lau, sai dai na sha kunya, kuma gara ki ji daga bakina.

Maud ta ƙi cin ɓeranta. Ta kwanta kamar tsohuwar igiya, ko harshe ba ta fitarwa. Hankalina ya tashi, na garzaya wurin Dakta Petrakis, likitar dabbobin nan da ta yi wa karenmu ɗinki, na zayyana mata dabarata ina ƙoƙarin kare kaina. Baiwar Allah ta yi dariya har da riƙe teburi. Ta ce, "Baba Desmond, ɗan tunkiya da zafin jikinsa yake zuwa, bargo tsare masa shi kawai yake yi. Maciji ba shi da ko ɗigo. Sanyi ka naɗe mata da kyau!" Ta kuma ce Allah ya taimake ni da ba ta ci ɓeran ba, don a cikin sanyi ruɓewa zai yi a cikinta.

Ta rubuta min abubuwan da zan sayo. Ni kuwa gaggawa ta ci ni, ƙwan fitilar zafi kawai na ɗauko, na ce sauran sai gobe. Na ɗaura shi a rufin akwatin tsirara, na kunna, na zauna da shayina ina yaba wa kaina. Da ɗumi ya ratsa ta, sai ta fara motsi. Murna ta kama ni. Kafin in ajiye kofi, Noreen, ta miƙe tana hawa, za ta naɗe ƙwan nan mai zafi kamar garwashi! Likita ta riga ta gaya min macizai ba sa jin ƙuna sai fata ta gama cinyewa.

Ban san lokacin da na zura hannu ba. Babu safar hannu, babu sanda. Na cafko ta ta tsakiya, na fizge wayar da ɗaya hannun. Ta naɗe min damtse, muka tsaya tsakar falo muna kallon juna. Ashe ba yauƙi gare ta ba! A bushe take, sumul, ga nauyi. Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba? Na san amsar, kin faɗa sau ba adadi, kunnen ƙashi na yi.

Ko tabo ba ta samu ba, na duba ta daga kai har wutsiya. Washegari na yi aikin yadda ya kamata. Na rufe ƙwan da ragar waya mai ƙananan ido. Na haɗa shi da 'yar na'urar nan mai kashe fitila da kanta idan zafi ya kai. Gefe ɗaya kawai nake ɗumamawa, ɗaya gefen na bar shi da sanyi-sanyi don ta zaɓi inda take so, kowane gefe da ma'aunin zafinsa da wurin ɓuya. Bargunanki sun koma ɗakin baƙi, ban wanke ba tukuna.

Yanzu saura ta ci abinci. Ki taya ni addu'a.

Mijinki mai taurin kai,
Desmond

Creswick, watan Yuli

Noreen tawa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Bronwyn da 'yar mai hancin nan. Da fatan kuna samun barci ko kaɗan ne.

Albishirinki! Ta ci! Bayan ta yi saɓa, fatar ta fita ɗungurungum ba yagewa, na ciro daskararren ɓera daga firji, na sassake shi a ruwan ɗumi na miƙa mata da hantsaki. Wuf! Na yi ihu har kare ya shige ƙarƙashin kujera. Tsoho da ni, ina tsalle a falo saboda ɓera. Tana gamawa ta lallaɓa gefen ɗumi ta naɗe abinta, kai ka ce ita ta haɗa wayoyin.

Sai dai ina da ƙorafi. Ashe da kika karanta wasiƙata ta farko, kin kira Lachlan a ɓoye? Ranar Asabar sai ga shi da buhun zane da akwatin tafiya, wai, "Baba, na zo in sauke maka nauyi." Ban yi fushi ba, na san tsoro ne ya sa ki, kuma da ni ne na karanta labarin bargo da na kira shi tun kafin ke.

Na ba shi shayi da biskit. Ya duba ragar, ya duba ma'aunan, ya gyaɗa kai. Sai ya buɗe buhunsa ya nufi akwatin Maud. Noreen, ban yi wata-wata ba. Na tashi na tsaya tsakaninsa da gilashin, na ce masa, "Yaro, gama shayinka ka kama hanya, mesar nan tana da mai ita." Ya ce ai ya san tana Darwin. Na ce, "Ta Darwin ɗaya ce daga cikin masu ita."

Ya tafi da buhunsa wayam, yana dariya har bakin mota.

Saboda haka ki zauna ki goyi jikarki har ki gaji, kada ki yi gaggawa saboda mu. Ina kewarki ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma duk ranar da kika dawo, mu biyu za ki tarar a falo muna jiranki.

Naki har kullum,
Desmond