Ciwon Daji Ne, Ba Jifa Ba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya Anti Binta da yara, ya zaman Fatakwal?

Sakamakon gwajin ƙaninmu Habu ya fito. Ciwon dajin hanji ne, mutumin da bai cika talatin ba. Kawu Ado ya ce jifa ne, a kai shi wurin mai magani. Na ce wallahi ba inda za shi sai asibiti. Likita ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana feshin tumatir ba takunkumi. Bai ce shi ne sanadi ba, amma na kulle kwalaben maganin feshin.

Habu ya ce in gaya maka, da yardar Allah shi zai girbe shinkafarsa bana.

Ku sa shi a addu'a. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka Hadiza, Kadawa