Ɗan Kwikwiyo a Shingen Awakina

Litinin, 2 ga Satumba

Dila ya sake ɗauke mini ɗan akuya, na biyar ke nan tun farkon sanyi. Otsile ya bugo waya daga birnin Gaborone: in aka ƙara rasa ko ɗaya kafin ya zo a Nuwamba, zai kai awakin mahauta, ni kuma ya kwashe ni birni in zauna ina kallon bango. Ɗan da na haifa da cikina!

Da yamma maƙwabcina Rra Seabe, wato Malam Seabe, ya iso a keken jaki, wai ya kawo magani. Kwikwiyo ɗan sati biyar, ciki kamar an hura, ƙuma na yawo a kunnuwansa. Sai akwatin katako mai ƙofar waya. Ya ajiye akwatin a kusurwar shinge inda 'yan awaki ke kwana, ya ce, "Nan zai yi barcin rana, nan zai kwana. Kar ki ɗauke shi, kar ki yi masa wasa. So ake ya tashi yana zaton shi ma akuya ne, sai ya tsare su." Na ce Rra, wa ya ce maka ina marmarin taɓa wannan ƙazanta?

Laraba, 4 ga Satumba

Ashe ban ga komai ba. Nonon akuya zai sha, kuma daga hantsa. Sebaga aka zaɓa, akuyar da nake tatsa in zuba a shayina. Ni ce mai riƙe ƙahonta, shi yana tsotso har da lumshe ido. Shayi baƙi na sha yau.

Asabar, 7 ga Satumba

Yana cin kashin awaki. Da idona na gani.

Talata, 10 ga Satumba

An ce da zarar ya ƙoshi in tura shi akwati da 'yan awaki biyu, in rufe na ɗan lokaci, kullum in ƙara tsawon lokacin. Ranar farko ya yi kuka kamar ana yanka shi. Yau da rana ya shiga da ƙafarsa, ya tusa hanci ƙarƙashin ɗan akuya ya yi barci. To, madalla. Amma warin akwatin nan! Fitsari, nonon da ya yi tsami, da tsohon buhun da Rra Seabe ya shimfiɗa, wanda ban san daga wane juji ya tsinto shi ba. Shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya a asibiti, ban taɓa barin gado ɗaya ya kwana a haka ba.

Laraba, 11 ga Satumba

Na kasa haƙuri. Na ƙone buhun, na wanke akwatin da ruwan zafi da sabulu, na shanya shi. Kwikwiyon ma na tsoma shi a baho sau biyu. Ashe fari ne! Raina ya yi fes.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na yi ɓarna.

Da safe ya nufi hantsa, Sebaga ta shinshina shi sau ɗaya, ta tunkuye shi har ya bugi shinge. 'Yan awakin suka watse daga gare shi. Akwatin kuwa ya ƙi shiga, ya kafe ƙafafu a bakin ƙofa yana ihu. Sai ya bi ta ƙarƙashin waya ya biyo ni har ɗakin girki, ya kwanta a kan takalmina. Abin da aka ce kar ya faru ke nan.

Rra Seabe ya zo ya sa hanci cikin akwatin, ya yi dariya har da tari. "Maman Otsile, ina ce kare na kawo miki, ashe majinyaci na kawo! Akuya ba ta gane ɗanta da ido, da hanci take ganewa. Kin wanke masa dangi kaf." Buhun da na ƙone, wata guda ya yi a ɗaure a jikin bunsurunsa. Na ce to yanzu fa? Ya nuna mini bunsuruna da baki, ya ce shi dai gwiwoyinsa ba sa durƙuso, sai dai in yi da kaina. Tsohon banza.

Juma'a, 13 ga Satumba

Ba zan so kowa ya karanta wannan ba. Na kama bunsuru, na goge gemunsa da ƙafafunsa na gaba, inda yake fesa wa kansa fitsari, da tsohon zanena. Na shimfiɗa zanen a akwati. Na kwaɓa kashin awaki da nonon Sebaga, na shafe kwikwiyon daga kai har wutsiya, da hannun nan nawa. Na yi amai sau biyu bayan shinge. Shi kuwa sai lasar yatsuna yake, a zatonsa gata nake yi masa.

Sebaga ta daɗe tana shinshina shi. Daga baya ta tsaya masa ya sha.

Lahadi, 22 ga Satumba

A coci matar da ke gefena ta matsa can ƙarshen benci. Wanka uku na yi kafin in fito.

Kwikwiyon ya koma barci a akwati, amma in ya hango ni sai ya taso da gudu. Dole in juya masa baya in shige ɗaki. Yana tsayawa jikin waya yana wani ɗan kuka siriri. Ba ruwana.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na cire ƙofar akwatin gaba ɗaya. Akwatin ya yi wa kwikwiyon kaɗan, rabin jikinsa a waje yake barci, 'yan awaki na hawa bayansa. Har yanzu wari.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Otsile ya zo da motar ɗaukar kaya. Ya ƙirga awakin sau biyu, talatin da huɗu cif, ba a ƙara rasa ko ɗaya ba. Muna cin tuwon dawa da rana sai haushi ya tashi a shinge, da wata murya da ban san kwikwiyon yana da ita ba. Muka fita, ga dila can yana sulalewa cikin ƙaya, 'yan awakin duk sun taru bayan karen. Otsile ya juyo ya dube ni ya ce, "Mma, kin san kina warin bunsuru kuwa?" Na ce na sani, ka ci abincinka.

Motar ta koma ba komai a ciki.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Yau ya fara bin garke zuwa kiwo. Na tsaya bakin shinge suna wucewa, yana tsakiyarsu, kafaɗa da kafaɗa da Sebaga. Na kira shi a hankali, da sunan da ban gaya wa kowa na sa masa ba. Ko waiwayowa bai yi ba.

Abin da ake so ke nan. An yi nasara.

Na ɗauko akwatin zan fasa in yi makamashi, sai na ga katakon da sauran ƙwarinsa. Na kai shi bayan ɗakina na ajiye. Ban wanke ba.