Lambar Ompung a Bishiyar Zuri'a

Samosir, 3 ga Mayu

Tiurma jikata,

Horas, ina gaishe ki. Ina fata kina lafiya a Medan, ke da injin nan naki, kwamfuta. Mai shagon kofi ke rubuta min, ni ban taɓa ganin amfanin boko ba, yau ma na ƙara tabbatarwa.

An karanta min bishiyar zuri'armu da kika saka wa dangi a waya. Kin sa ƙanena Binsar na ɗaya, ni na biyu. Binsar ɗin da na goya! Na girme shi da girbin shinkafa biyu. Ranar ashirin ake bikin auren 'yar ɗan'uwanmu Sahat, kuma mai rabon naman ɓauna ya ce daga waya zai kira sunaye. In aka miƙa wa Binsar wuya, rabon babban gida, kafin ni, ki nemi wani kakan. Lamba ɗaya ce tak, ki goge.

Kakanki,
Ompung

Medan, 9 ga Mayu

Ompung,

Horas, ina gaisuwa da ladabi. Tsoho mai rigima, ai ba a goge ta haka! Sunanka yana cikin akwatin mahaifinka, nasa yana cikin na kakanka, har kakanni goma sha huɗu. Tsarin ba ya yarda a taɓa abin da aka riga aka ajiye. Sai in yi maka sabon akwati, in yi wa mahaifinka sabo wanda zai ɗauke ka, haka har can sama. Shekaranjiya naka kaɗai na sabunta, na manta da na sama, waya ta ci gaba da nuna tsohon. Yanzu na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kai ne na ɗaya.

Af, Ompung Binsar ne ya ba ni jerin tun farko.

Jikarka,
Tiurma

Samosir, 22 ga Mayu

Tiurma,

Horas. Kakanni goma sha huɗu suka tashi saboda ni, daidai kenan. Ni aka fara kira, wuya ya zo hannuna a gaban kowa.

Sai dai babba ne ke yi wa amarya nasiha a madadin gida. Awa biyu ina tsaye cikin rana, ɗan banzan nan Binsar yana inuwa yana cin nama, har ɗaga min hannu yake.

Kwana nawa za ki ɗauka ki mayar da ni na biyu? Kada ya ji na tambaya.

Ki huta lafiya.
Ompung