Girkin da Troels Ya Yi Shi Kaɗai

Viborg, 3 ga Maris, 1994

Ɗana Troels,

Kada ka karanta wasiƙar nan a tsaye kana laluben makullin mota kamar yadda ka saba. Nemi wuri ka zauna, gargaɗi ne a cikinta.

Bayan haka ina gaishe ka, kai da matarka Nanna. Yaya tarin Vigga? Asger ya daina tsotsar yatsa? Ni lafiya lau, in ban da gwiwar nan.

Masu gidan da ke kallon nawa za su tashi a watan Mayu, kuma kuna cikin iyalai biyu da ake dubawa. Shekara tara ke nan ina unguwar nan, tun rasuwar babanku, ban taɓa kwaɗayin wani abu kamar in riƙa hango jikokina ta tagar madafata ba. Sai dai ba ni ke bayarwa ba. Gida ashirin da biyu ne mu, kuma ba a karɓar sabon maƙwabci sai kowa ya yarda. Mutum ɗaya ya ce a'a, magana ta tsaya.

Mu nan tare muke cin abincin dare, girki bi da bi, kuma duk mai neman gida sai an gwada shi da girki ɗaya. An sa ka a girkin Alhamis, 17 ga wata, tare da ƙawata Tove da tsoho Ejvind. Mutum hamsin za ku ciyar a babban zaurenmu. Na san halinka. Ka sayi injin yankan ciyawa alhali filinka a Aarhus bai kai shimfiɗar tabarma uku ba. Mu nan guda ɗaya ya ishe mu duka, injin wanki kuwa uku. Wanda ya tara komai nasa na kansa, ƙarshenta ko gaisuwa ba ya buƙata. Ka zo ƙarfe biyu na rana, ka yi abin da aka sa ka.

Ka sumbatar mini yaran.

Mahaifiyarka,
Ingelise

Viborg, 21 ga Maris

Ɗana,

Da fatan kun koma gida lafiya, kuma Nanna ta huta gajiya. Gara ka ji wannan daga bakina.

Abincinka ya yi daɗi, ba zan hana ka wannan ba. Tove sai da ta zungure ni tana cewa, "Ingelise, ashe ɗan naki ya fi ki hannu, ke da gishiri ke gudun tukunyarki!" Kowa ya yi dariya, har da ni.

Amma ga abin da ba ka gani ba. Ƙarfe huɗu ka iso da tukwane cike, ka dafa komai a gida tun ranar Laraba, har dankalin an fere an yanka. Ejvind kuwa tun ƙarfe biyu yana zaune a kan kujerarsa, da 'yar wuƙarsa a naɗe cikin ƙyalle. Shekararsa tamanin da ɗaya, hannunsa na rawa. Ba ya iya kwashe ƙanƙara a hanya, ba ya iya gyaran keke. Ferar dankali kaɗai ta rage masa. Awa uku yake yi a kan abin da kai za ka gama kafin ruwa ya tafasa, yara na kewaye da shi yana ba su labarin jiragen ruwan da ya yi wa aiki. Sai ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Baba, je ka huta, yau na ɗauke muku." Ya mayar da wuƙar aljihu ya tafi, bai dawo cin abinci ba. Da na kai masa nasa, cewa ya yi, "Ajiye can. Ai ba yunwa ce ke kai ni zauren ba."

Jiya Lahadi aka yi taro. Kowa ya yarda da ku, sai ni na ɗaga hannu na ce a'a. Tove ta ja hannun rigata ta ce, "Ke kin haukace? Ɗanki ne fa!" Ejvind da kansa ya ce, "Ku ƙyale yaron, alheri ya nufa." Na san alheri ka nufa. Amma an gaya maka a rubuce, ka ga naka tsarin ya fi sauri, ka bi shi ba ka tambayi kowa ba. Da ɗan wata ne ya yi haka, ni ce zan fara magana. Na roƙa a sake ba ka wata ranar, aka ce masu tashi ba za su iya jira ba. An ba wancan iyalin gidan.

Ka gaida Nanna, ita ba ta da laifi.

Mahaifiyarka,
Ingelise

Viborg, 15 ga Afrilu

Troels,

Ina gaisuwa, ko da ba ka amsa. Nanna ta kira ni ta ce kuna lafiya, kai ne kawai ba ka son jin sunana. Babu laifi, ka yi fushinka.

Shekaranjiya sababbin maƙwabta suka zo auna tagogi. Suna da yarinya sa'ar Vigga. Na tsaya a madafa ina kallonta tana tsalle a ƙofar gidan, na yi kukan da ban yi ba tun jana'izar babanku. Duk da haka, in aka sake taron gobe, hannun nan zan ɗaga.

Sunanku na nan a jerin masu jira. Yaushe wani gidan zai samu, ban sani ba, wataƙila ba da raina ba. Ƙaramin ɗakina dai na share shi, na sa gadaje biyu na yara, ƙofa a buɗe take kowane ƙarshen mako. Ka gaida kowa.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma har ni ya hau kaina: daga yau duk wanda zai kwana a gidan nan ranar Asabar, babba ko yaro, sai ya rubuta sunansa a allon masu girki, ya shiga madafar zaure ƙarfe biyu hannu sake, kuma ba a ɗora tukunya sai Ejvind ya ce ya gama.

Mahaifiyarka,
Ingelise