Muryar Mzikayifani Ta Ƙi Sabon Faifai

Nongoma

Sphelele, ɗan ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da shagonka. MaZungu surukata ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Tun shekarar da ruwan guguwar nan Demoina ya share gadojinmu ya tafi da dattawan gidanmu, mu biyu muka rage masu riƙe da kirarin kakanni, ni da kawunka Mzikayifani. Shi ke jerawa, ni ina amsawa. Kafin ya rasu bara, jikata Asanda ta zaunar da mu ƙarƙashin bishiya, ta ɗauki muryarmu a wannan 'yar kwamfutar tata mai sirantar faranti. Abin da ya rage mini na ɗan'uwana ke nan.

Yanzu na ji ta aiko maka da ita ka farke mata ciki, wai ta cika tana nawa. To, ta yi nawar mana! Da tsoho a cikinta, tsoho kuma ba ya gudu. Kada ka taɓa inda yake zaune.

Kawunka,
Bhekizitha Ndwandwe

Durban

Kawu,

Na gaishe ka da girmamawa. Wasiƙarka ta iske na gama aiki, sai haƙuri.

Kawu, ba wanda ke zaune a ciki! Na kwance notunanta masu kamar ƙwayar gero, na ɗaga murfin, ƙura kawai na gani da batir da ya kumbura. Na sa sabon batir, na share fankar, na cire tsohon faifan ajiya, ɗan abu kamar yatsa, na sa babba. Duk abin da ke kan tsohon na kwafe shi kaf. Da na ga Kawu Mzikayifani a bayan fanka, ai da na ba shi kujera da shayi.

Kwamfutar na hanya da direban motar garinmu. Tsohon faifan yana aljihun teburina, zan goge shi in sa wa wani.

Ɗanka,
Sphelele

Nongoma

Sphelele,

Muna lafiya. Ka ci gaba da dariya, kai mai haƙora.

Jiya da hantsi Asanda ta kunna mana. Ta buɗe da sauri kam, a nan ka iya aikinka. Muka ji kukan kaji, muka ji iska a ganye. Sai ga muryata ina amsawa da sunan gidanmu, "Ndwandwe!" Sai shiru. Sai na sake amsawa. Haka har ƙarshe, ni kaɗai kamar mahaukaci, ina amsa wa wanda bai yi magana ba. Tarinsa ma babu. Asanda ta ce wai ko lasifika ce. Na ce wace irin lasifika ce ke barin kaza ta tsince mutum?

Kai da ka yi boko, ko akuya ka sauya wa turke sai ta yi gardama, balle dattijo. Ka tashe shi daga mazauninsa ba ka gaya masa inda za shi ba, shi kuwa tun yana raye ba ya bin wanda bai yi masa sallama ba. Bai taho ba. Yana wurinka.

In ka goge faifan nan, ka goge ni daga danginka. MaZungu ta so ta tsallake wannan, na sa ta rubuta.

Kawunka

Durban

Kawu,

Ina gaisuwa. Ban goge ba.

Na auna sabon kwafin da tsohon kafin in aiko, daidai suke. Na ɗauko tsohon in saurara, sai na fasa, na mayar da shi aljihun tebur.

Shagon nan warin tabar shaƙa yake yi, irin ta Kawu Mzikayifani, ni kuwa ba na sha, ba wanda ke shigowa da ita. Shekaranjiya da rana tsaka wata mata ta kawo waya gyara. Ta gaishe ni, sannan ta juya wajen kujerar da ke gefen teburin, ta rusuna ta ce, "Sannu, Baba." Na ce da wa take? Ta ce, "Tsohonka mana. Ka bar shi ba ko ruwa, sai kallon ƙofa yake yi."

Na daina zama a kujerar. In ba direba faifan ya kawo maka?

Sphelele

Nongoma

Ɗana,

Kada ka ba direba, kawunka ba buhun masara ba ne. Ka ajiye masa ruwa, ka ce masa ƙaninsa na tafe.

Gobe da sassafe zan sari reshen magaryar kura, wanda muke ɗauko kurwar matattunmu da shi, in hau motar farko. Zan ɗora reshen a kan faifan in kira sunansa, in gaya masa gida za mu. A komowa kujera biyu zan biya, kowane kogi muka ƙetare in faɗa masa. In mun fito daga shagonka kada ka yi mini sallama, ba zan amsa ba, don mai rakiyar mamaci ba ya magana da kowa sai ya kai shi gida.

Kawunka,
Bhekizitha