Tambayar da Likitoci Suka Manta

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya mutanen Zango? Ina lafiya, sanyin Ingila ma na kusa sabawa da shi.

Bincikenmu kan jinyar waɗanda cutarsu ba ta warkewa yana tafiya. Likitocin ƙasashe tara sun tsara tambayoyi kan ciwo, barci da numfashi. Na ce saura ɗaya: a wurinmu hankalin majinyaci ba ya kwanciya sai ya nemi gafarar 'yan'uwansa. Sun yi gardama, amma sun saka.

Don haka ka daina tare Baffa Ya'u a zaure saboda rigimar gona. Maganin ciwo likita zai ba Baba. Gafarar nan kuwa sai ƙaninsa.

Ƙanwarka,
Haulatu